Zaɓen NUJ: yadda za ka sa ƙuri'arka ta yi aiki tun daga cafel har kansul

Ranar wani zaɓe da ya wuce, wani ƙanena a aiki ya iso sakatariyar NUJ, ƙungiyar 'yan jarida ta Najeriya, tun da hantsi, ya sha farar shadda da hula, katin shaida rataye ga wuya. Ya bi layi, da layi ya kawo kanshi sai mai riƙe da rajista ya bi sunaye da bakin biro daga sama har ƙasa, ya juya shafi ya sake bi, sannan ya ɗago kai ya ce mai, "Kwamared, sunanka ba ya nan." Yaron ya ce yallaɓai ai shekara biyu ana cire min kuɗin ƙungiya ga albashi. Kuma gaskiya ya faɗa, ana cirewa, sai dai inda yake aiki ba su tura kuɗin ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba, bai taɓa neman rasit ba, sannan kwanakin da anka manna sunaye ga bango bai leƙo ya duba ba. Haka ya koma gindin bishiya ya zauna kan benci yana kallon mutane na dangwale. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don yaron na cikin masu ƙoƙarin aiki, irin waɗanda ke shiga ƙauye ɗauko labari lokacin da wasu ke jiran a turo musu takardar sanarwa ta WhatsApp.

Shi ya sa na ce bari in rubuta wanga bayani, musamman don ƙannenmu da sunka shigo aikin jarida kwanan nan a nan Zamfara, da ma tsofaffin hannun da sunka yi fushi sunka daina zuwa taro. Abin da nike so ka riƙe shi ne zaɓen ƙungiya tun watanni kafin ranar ƙuri'a ake cin shi ko a faɗi, cikin rajistar masu biyan kuɗi da littafin halartar taro. Ranar zaɓe girbi kawai ake yi.

Ka fara da sanin gidan da kake ciki. NUJ ba jiya ta fara ba, an kafa ta a Legas ranar 15 ga Maris 1955, tun Turawa na nan, kuma Mobolaji Odunewu shi ne shugabanta na farko. Yanzu hedikwatarta na Abuja. Daga ƙasa akwai cafel, wato reshen gidan da kake aiki, kamar na rediyon jiha, na NTA, na Pride FM, na ma'aikatar watsa labarai, da na wakilan jaridu da tashoshin da hedikwatarsu ke wasu garuruwa. Cafel-cafel ɗin nan su ke haɗuwa su yi kansul ta jiha. Sama da kansul akwai shiyya, mu nan muna shiyyar A tare da maƙwabtanmu na arewa maso yamma, sannan uwar ƙungiya ta ƙasa. Wa'adi shekara 3 ne. Shugaban ƙasa na ƙungiya daliget, wato wakilan da jihohi ke turawa, ke zaɓenshi, kamar yadda anka yi a Abekuta 2018 da Umuahiya 2021 inda Chris Isiguzo ya ci sau biyu, sai Owerri a Nuwamban 2024 inda Alhassan Yahya ɗan Gombe ya hau. Kuma kafin nan 'yan arewa sun riƙe kujerar, Sani Zorro ya yi, Muhammad Garba ya yi daga 2009 zuwa 2015. Na kawo wannan ne don ka ga inda zaren ya ɗauro: daliget ɗin da ke tafiya zaɓen ƙasa daga jihohi suke fitowa, kuma mutanen da ke faɗa a ji a jiha daga cafel sunka taso, to in ka raina zaɓen cafel ɗinku mai mutum ashirin, ka yar da hannunka cikin dukkan sauran.

Wani zai ce to mi ƙungiyar ta taɓa yi min da zan wahalar da kaina. Ni dai amsata ita ce ka tuna inda muke aiki. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar nan baki ɗaya saboda matsalar tsaro, mai son tura labari sai ya kama hanya ya fita jiha neman sabis, kan hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki. A Oktoban 2022 gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu gidajen watsa labarai a Gusau, har da NTA da Pride FM, kan ɗaukar wani taron siyasa, sai da NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, da ƙungiyoyin 'yan jarida sunka yi magana kafin anka janye. A irin wagga rana kai kaɗai ba ka iya komi. Wanda zai ɗaga waya ya kira kwamishina, ko ya tafi ofishin 'yan sanda da dare ya ce wanga ɗanmu ne ku sake shi, shi ne ciyaman ɗin da kunka zaɓa ko kunka bari anka zaɓa muku. In mai tsoro ne ko wanda bakinshi ya riga ya cika da abin wasu, ranar za ka gane.

To yanzu ga yadda za ka yi.

Ka tabbatar kai cikakken mamba ne. Riƙe katin shaidar gidan da kake aiki daban, zama ɗan ƙungiya daban. Ka je wurin sakataren cafel ɗinku, ba ta waya ba, ka zauna da shi ka ce ya nuna maka sunanka cikin rajista. In ba ka taɓa cike fom ba ka cike, ka haɗa takardunka na makaranta da takardar ɗaukar aiki. Ƙungiya na neman shaidar karatun aikin jarida, kuma wanda ya karanta wani fanni daban yana iya yin difloma ya cike giɓin, ƙungiyar ma tana da makarantarta ta koyar da aikin jarida, IIJ, don irin wanga. Kada ka bari sai zaɓe ya matso ka fara wagga hidima, don duk sunan da ya shigo gab da zaɓe ana kallonshi da zargi ko da mai shi na da gaskiya. Sannan ku da ke aiki rediyo da talabijin ku lura, akwai RATTAWU, wata ƙungiya daban ta ma'aikatan rediyo da talabijin, a gidajenku, wani sai ya ga ana cire mai kuɗin ƙungiya ya ɗauka na NUJ ne alhali can kuɗin ke tafiya. Duba takardar albashinka da kyau ka ga sunan da anka rubuta.

Batun kuɗin ƙungiya nan ne mafi yawa ke faɗuwa. In ana cire maka daga albashi, cirewar kaɗai ba ta isa ba, sai kuɗin sun isa asusun ƙungiya. Duk bayan wata uku ka tambayi sakataren kuɗi ko gidanku ya turo, in bai turo ba ku haɗu ku biyu ko uku ku tafi wurin akanta da lalama ku tambaya, in ta kama a rubuta takarda a rubuta. In kuma kai wakili ne ko kana gidan da ba a cirewa, da hannunka za ka biya, to kada ka miƙa ko sisi ba rasit. Ko tiransifa ka yi ka ajiye shaidar, ka nemi a rubuta maka rasit mai hatimi. Ni ina da wata tsohuwar ambulan cikin durowa, duk rasit ɗin da na karɓa nan nike jefa shi, kuma ina ɗaukar hotonshi da waya. Abu ne na minti ɗaya amma ranar gardama shi ke raba faɗa.

Wata magana da ba a cika son faɗi ba: idan zaɓe ya matso wasu 'yan takara kan zo su ce kawo in biya maka bashin da ake binka. Kada ka yarda. Wanda ya biya maka kuɗin shekara guda ya saye bakinka na shekara uku, ko ka ga ya yi ba daidai ba kunya ba ta barinka ka yi magana. In bashin ya yi yawa ka roƙi sakataren kuɗi ya raba maka shi kashi-kashi, ka biya da guminka.

Sai kwangires, taron da ake kira na dukkan mambobi. Na san uzurin da ake kawowa, ana sa taro ƙarfe goma a fara sha biyu, ga aiki na jira, ga zafin Gusau, ga magana ɗaya ana ta nanatawa. Duk gaskiya ne. Amma can ake karanta rahoton kuɗi, can ake yanke shawarar da daga baya za ka ji ana cewa ai kwangires ta amince, kuma can ake kafa kwamitin da zai gudanar da zaɓe. In ka je, abu na farko ka sa hannu ga littafin halarta, sunanka da cafel ɗinka da sa hannu, ko da a makare ka zo. Halartar taro na cikin abubuwan da ake dubawa ga mai son tsayawa takara, na ga mutum mai farin jini sosai wanda kowa ya san zai ci, amma da anka buɗe littafi sai anka ga sa hannunshi bai taka kara ya karya ba, haka nan ya haƙura. In ana karanta bayanin taron baya ka kasa kunne, in an tsallake abin da anka yanke ka ɗaga hannu ka ce a gyara kafin a amince da shi, don abin da ke rubuce shi ne hujja gobe. Kuma in kana da ƙorafi ka kawo shi a matsayin ƙudiri, ka samu wanda zai mara maka baya tun kafin a shiga zaure. Surutun da ake yi a guruf ɗin WhatsApp har ƙarfe ɗayan dare ba ya shiga kundin taro.

Ka nemi kundin tsarin mulkin ƙungiya ka karanta da kanka. Ka tambayi sakatare ya ba ka wanda ake aiki da shi yanzu, don ana yi mai gyara lokaci zuwa lokaci, wani sai ya zo yana kafa hujja da tsohon da anka riga anka canza. Mu da ke karanta kasafin kuɗin jiha mai shafi ɗari-ɗari don mu fitar da labari, bai kamata ɗan littafin da ke mulkin ƙungiyarmu ya gagare mu ba.

Ranar da za a kafa kwamitin tantancewa, in ma duk shekara ba ka zo taro ba, wannan kam kada ta wuce ka. Kwamitin nan shi ke sayar da fom, shi ke tantance 'yan takara, shi ke fitar da sunayen masu ƙuri'a, shi ke tsara ranar zaɓe. Duk wanda ya samu kwamiti ya samu rabin zaɓe, 'yan takara sun san haka shi ya sa ranar za ka ga zaure ya cika da fuskokin da ka daɗe ba ka gani ba. Ku tsaya a sa mutanen da ba su da ɗan takara a fili, a cakuɗa cafel daban-daban kada gida ɗaya ya kwashe, a sa mace aƙalla, a sa dattijo guda wanda in ya ce a'a kowa zai ji kunyarshi. Wanda ya shiga kwamiti kuma ya san ya ajiye takara da kamfe har a gama.

Da kwamiti ya fitar da ƙa'idoji, ka karanta su layi-layi. Duba wa ke da ƙuri'a, kowane mamba mai biyan kuɗi ne ko daliget ne cafel za ta turo. In daliget ne to faɗan ya koma cikin cafel ɗinku, ku nace a zauna a fitar da su gaban kowa, kada ciyaman da sakatare su rubuta sunaye cikin mota su miƙa. Duba ranar rufe sayar da fom, kuɗin fom na kowace kujera, ranar tantancewa, da ranar da za a manna sunaye. Kuɗin fom in ya yi tsada fiye da kima ku yi magana tun a lokacin, don fom ɗin da albashin ɗan jarida ba ya iya saye, wani ne daga waje zai saya mai, kuma kowa ya san mai biyan kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa. Ranar da anka manna sunaye ka je da ƙafarka. Ka duba naka, ka duba na abokan aikinka, sannan ka duba ko akwai sunayen da ba ka san su da aikin jarida ba, ko wanda ya yi ritaya ya koma wata sana'a, ko wanda Allah ya yi wa rasuwa ba a cire ba. In ka ga kuskure ka rubuta takarda zuwa ga shugaban kwamiti, kwafi biyu, a sa hannu ga ɗaya a ba ka. Ƙorafin baki iska ke ɗauke shi.

Yanzu batun wanda za ka zaɓa, nan nike so in daɗe kaɗan.

Kujerun da ake nema sanannu ne, ciyaman, mataimaki, sakatare, mataimakin sakatare, ma'aji, sakataren kuɗi, odita. Kowa idonshi na kan ciyaman, amma sakatare shi ke riƙe da takardu da rajista, sakataren kuɗi da ma'aji su ke ganin shiga da fitar kuɗi, odita kuma shi ya kamata ya bincike su duka. In kunka bari ɗan takarar ciyaman ya jero yaranshi ga dukkan kujerun nan kunka dangwale musu a jere, kun ba kura ajiyar nama da hannunku. Ni a ganina odita ma gara ya fito daga ɓangaren da ba na ciyaman ba.

Idan ɗan takara ya zo cafel ɗinku neman goyon baya, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, amma kada a tashi da gaisuwa da hoto kawai. Mu da ke titsiye gwamna da tambaya, mi zai hana mu titsiye abokin aikinmu? Ka tambaye shi, Kwamared, cikin shekara ukun da ta wuce taro nawa ka zo? Wace kujera ka taɓa riƙewa kuma ina rahoton kuɗin da ka bari? In an kama ɗayanmu yau da dare wa za ka fara kira, kuma akwai lauyan da za ka iya tasowa? Mi za ka yi kan gidajen da ke ba matasa katin shaida ba albashi su ce su je su ci da shi? Ina maganar inshora ko wani tallafi ga wanda ya ji rauni ko anka sace kan hanyar aiki, da iyalan waɗanda sunka rasu? Sau nawa za ka karanta muna rahoton kuɗi a shekara? Sannan tambayar da ta fi duka nauyi, wa ke ɗaukar nauyin kamfe ɗinka? Ka dubi fuskarshi lokacin da yake amsawa. Mai gaskiya zai ce ga abin da na tara ga gudummawar abokai, wanda anka turo kuwa sai ya fara zagaye-zagaye.

Ba ina cewa shugaban ƙungiya ya zama abokin gabar gwamnati ba. Da yawanmu ma'aikatan gwamnati ne, kuma dole ciyaman ya shiga ofisoshi ya nemo wa mambobi haƙƙinsu, fili ne, horo ne, kujerar Hajji ce, gyaran sakatariya ne. Abin dubawa shi ne in an ba da abu da sunan ƙungiya, zai zo kwangires ya faɗa a raba a fili ko sai dai a ji a salansa? Kuma ranar da anka taɓa ɗan jarida, zai iya buɗe baki ko abin da ya karɓa ya ɗaure mai harshe? Shugabancin ƙungiyar ƙwadago ba ƙaramin abu ba ne, ga maƙwabtanmu Kebbi nan, Nasir Idris daga shugabancin ƙungiyar malamai ta NUT ya fito ya zama gwamna a 2023. Kujera ce da ke buɗe ƙofofi, shi ya sa masu nemanta ke da yawa, kuma shi ya sa dole a tace.

Akwai kuma maganar sasanci, inda dattawa ke zama su ce wane ya janye wa wane don a zauna lafiya. Ban ƙi sasanci ba, garinmu ƙarami ne, gobe tare za mu hau mota ɗaya zuwa ɗaukar labari, kuma na ga zaɓen da ya raba abokan shekara ashirin. Amma sasancin kirki shi ne wanda masu janyewa sunka janye da bakinsu gaban mambobi, ba wanda anka kira mutum cikin dare anka ce ko ka janye ko a yi maka canjin wurin aiki ba. Sannan karɓa-karɓa tsakanin cafel, in za a yi a yi ta a fili kowa ya san layinshi, kada ta zama sandar da ake ɗaukowa sai ranar da ake son kayar da wani.

In kai ne ke son tsayawa, fara daga cafel. Ka riƙe sakatare ko ma'aji ka nuna hannunka, mutane su ga yadda kake da amanar naira dubu biyar kafin su ba ka ta miliyan. Tun shekara guda kafin zaɓe ka haɗa fayil: takardun makaranta na asali da kwafi, takardar ɗaukar aiki, rasit ɗin kuɗin ƙungiya, shaidar shekarun da ka yi a aiki. Waɗanda za su sa maka hannu ga fom su ma ka tabbatar ba a bin su bashi, don ana iya yar da fom ɗinka saboda laifin wanda ya tsaya maka. Ka mai da fom kafin ranar rufewa ka karɓi shaidar an karɓa. Wurin kamfe ka bi cafel-cafel da ƙafarka, ka gaida manya ka nemi albarkarsu, amma kada ka yi alkawarin abin da ba hannunka yake ba. Kuma don Allah a bar ɓata suna a Facebook da asusun bogi, mu ne fa ke yi wa jama'a wa'azi kan labaran ƙarya.

'Yan uwana mata, ku ma ku fito. NAWOJ, ƙungiyar mata 'yan jarida, taku ce kuma tana da amfani, amma ƙuri'arku a NUJ daidai take da ta kowane namiji, kuma ba a rubuta ko'ina cewa kujerar mace ita ce ma'aji ko mataimakiya ba. A Disamban 2024 Grace Ike ta ci ciyaman ɗin kansul ta Abuja, mace ta farko da ta hau wagga kujera can. Abin da ke hana mata da yawa zuwa taro a nan shi ne lokaci, a sa taro da rana a ja shi har magariba, mai yara da miji na jira dole ta tashi kafin a zo ga yanke shawara. Wannan abu ne da za ku iya kawowa a ƙudiri, a sa lokacin farawa da na tashi kuma a tsaya kanshi. Haka abokan aikinmu jami'an watsa labarai da ke ƙananan hukumomi, jihar nan 14 gare ta, wanda ke Gummi ko Shinkafi ko Bukkuyum ba zai ji sanarwa da dare ya iso Gusau da safe ba, ga halin da hanya ke ciki. A ba da sanarwa da wuri, a fara zaɓe da wuri a gama da wuri, don kowa ya koma gida da sauran rana.

Ranar zaɓe ka zo da katin shaidarka da rasit ɗinka cikin aljihu, ka zo da wuri don tantance masu ƙuri'a ake fara yi. Galibi jami'an uwar ƙungiya daga shiyya ko hedikwata kan zo su sa ido, in akwai matsala su ne za ka nufa bayan shugaban kwamiti. Kafin a fara a ɗaga akwati a juya shi kowa ya ga ba komi ciki. A faɗi adadin waɗanda anka tantance da ƙarfi, ka rubuta ga littafinka, don in an tantance mutum 120 misali, ƙuri'a ba ta zama 130. Wurin dangwale ya zama a keɓe, kuma kada ka yarda wani ya ce ka ɗauki hoton ƙuri'arka ka turo mai, ko ogan ka ne a ofis. In wani ya matsa maka kafin ranar, ba dole ka yi faɗa da shi ba, ka ce Allah ya ba mai rabo sa'a, ka shiga ka yi abin da zuciyarka ta natsu da shi.

In ɗan takara ya sa ka ejan, wato wakilinshi mai sa ido wurin zaɓe, to aiki ne ba zaman inuwa ba. Ka ci abincinka tun da safe, ka yi alwala, in lokacin salla ya yi ku yi canji da wani kada akwati ya zauna ba idonku. Ka san tun farko wace irin ƙuri'a ce ake ɗauka ta lalace, a yi wagga yarjejeniya kafin a buɗe akwati, don in an bari sai an ga tazarar ƙuri'a biyu ce tsakani, kowa zai fassara yadda ta yi mai daɗi. A ƙirga a wurin gaban kowa, ana ɗaga kowace takarda. Kada ka sa hannu ga takardar sakamako sai ka ga lambobin sun yi daidai da naka, in ka sa ka ɗauki hotonta.

Kai kuma mai ƙuri'a kada ka dangwale ka hau babur ka tafi. Tsaya a ƙirga.

In sakamako bai yi maka daɗi ba kuma kana da hujja, akwai hanyar ƙorafi cikin ƙungiya, ka rubuta da wuri cikin kwanakin da ƙa'ida ta ba da, ka haɗa hujjojinka, ka bi matakan cikin gida kafin ka fara tunanin kotu. Ƙungiyar da ta shiga kotu shekara ukun nan a zirga-zirga take ƙarewa, mambobi ke asara. In kuma ba ka da hujja, kayar da ku anka yi, ka tashi ka miƙa wa wanda ya ci hannu, ka dawo taro na gaba.

Taron farko bayan rantsuwa ina roƙonka kada ka yi fashinshi. Nan ne za ku nemi a karanta takardar miƙa mulki, nawa tsofaffin shugabanni sunka bari a asusu, wane bashi ake bin ƙungiya, ina takardun fili da na mota in akwai, kujeru nawa, janareta na aiki ko ya mutu, su wa ke sa hannu a banki yanzu kuma an cire sunayen na da ko ba a cire ba. Takardar alkawuran da sabon ciyaman ya raba lokacin kamfe kada ka yar da ita, ninke ta ka sa cikin ambulan ɗin nan ta rasit, bayan wata shida ka zo da ita kwangires ka ɗaga hannu ka karanto mai layi na farko.